Dalsima ta tsaunin Apalashiya: wacce za ka saya in tsofaffin waƙoƙi kake so?

Kafin ka biya kuɗi, duba hoton kayan da kyau. Abubuwan kiɗa biyu ne suke amsa sunan dalsima a Amurka. Ɗaya faffaɗa ce mai tsirkiya da yawa, ana buga ta da 'yan sanduna. Wadda muke magana a kanta siririya ce, ana kwantar da ita a cinya, tsirkiyarta uku ko huɗu. Ita ce ta mazauna tsaunukan Apalashiya, wadda mawaƙiya Jean Ritchie ta jihar Kentaki ta fito da ita duniya, har jihar ta mai da ita kayan kiɗanta na hukuma a 2001.

Masu sayarwa sukan fara da siffa: akwai mai tsukakken ƙugu kamar kalangu, salon Kentaki, akwai mai kama da ɗigon ruwa, wadda aka fi dangantawa da jihar Bajiniya. Zaɓi wadda ta zauna maka daidai a cinya, shi ke nan.

Inda ya kamata ka tsaya ka yi nazari shi ne layukan ƙarfen da aka gicciya a wuyanta. A tsohon salo, ana ɗaure tsirkiya a tsarin DAA (kowane harafi sunan sautin da tsirkiya ɗaya take bayarwa ne), mai kiɗa ya riƙe ɗan guntun itace yana zamar da shi a kan tsirkiya ɗaya tak, sauran biyun suna ta gunji a bayanta, hannun dama kuma yana kaɗawa da gashin talo-talo ko na dinya. Wannan zamiya, da ɗan ƙaran da itacen yake yi in ya haye ƙarfe, su ne daɗin kiɗan a wurina. Dalsimar zamani kuwa an ƙara mata layi ɗaya tsakanin na shida da na bakwai, ana ce masa shida da rabi, don a samu cikakken jerin sauti a tsarin DAD. Mai kiɗa da guntun itace zai ji wannan layi yana yi masa tuntuɓe. Amma yawancin littattafan koyo na yanzu da DAD aka rubuta su. Saboda haka wanda zai koya shi kaɗai ta intanet, ya ɗauki mai shida da rabi.

Kunnuwan ɗaure tsirkiya na itace suna da kyan gani, sai dai suna sulɓewa. Masu haƙoran ƙarfe sun fi sauƙi ga ɗan koyo. Tsawon tsirkiya yakan kama daga inci 25 zuwa 29, mai ƙananan yatsu ya nemi gajeriya.

Kamfanoni irin su McSpadden na Arkansas da Folkcraft na Indiyana sun daɗe a sana'ar, yawancin kayansu na katako ne. Akwai kuma ta kwali mai wuyan katako, mai arha, kuma kada ka raina ta: in layukanta daidai suke, ta fi ta katako mai ƙyalli wadda sautinta yake karkacewa. Ka roƙi mai sayarwa ya danna layi na bakwai (ba a sa shida da rabi a lissafin) ka saurara. Dole ya ba da sautin tsirkiyar da ba a danna ba, amma a sama.

In ƙasar Hausa za a kawo maka ita, ka sayi akwatinta da tsirkiya ta ajiya. Bushewar hunturu tana tsaga siririn katako, don haka ka riƙa sa ɗan soso mai danshi a cikin leda mai huji, ka ajiye a akwatin.