Koriyar sitikar CAC: ta amfane ni, amma ina labarin kwandalolin da aka ƙi?

Duk mai tara tsofaffin kwandalolin Amurka da ya tambaye ni ko ya cancanci ya sake biyan kuɗi a duba masa kwandalar da wani kamfani ya riga ya duba ya ba ta maki, zan ce masa e, ya cancanta. Na gwada da kamfanin CAC, mai manna wa irin waɗannan kwandaloli koriyar sitika idan ya gamsu da makinsu, na ga amfaninsa. Sai dai akwai wani ɓangare na tsarin da har yanzu bai kwanta mini a rai ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ga wanda bai saba da harkar ba, ana auna lafiyar kwandala ne da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama, wato ajin da ake rubuta wa MS, kwandala ce da ba ta taɓa yawo a hannun mutane ba. Manyan kamfanonin da ke ba da wannan maki biyu ne: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da ya biyo baya a 1987. Su duba, su tabbatar ba jabu ba ce, su liƙe ta cikin ɗan akwatin roba, su buga maki da lambar shaida. Da ni da yawancin 'yan'uwa da na sani a nan Amurka, da anini da kobo mai huji na zamanin Turawa muka fara, kuma waɗannan kamfanoni biyu suna karɓar irinsu. Sitikar da zan yi magana a kanta kuwa kuɗin Amurka kaɗai take shafa.

Matsalar ita ce maki ɗaya faɗi gare shi. Kwandaloli biyu na iya ɗaukar MS65, ɗaya saura ƙiris ta kai 66, ɗayar kuma da ƙyar ta tsallake 64. Ga kuma masu wata sana'a ta fasa akwati su sake aika kwandala, su yi ta maimaitawa har ranar da za a dace a ƙara mata maki ɗaya. Idan aka dace, a nan za ta zauna, domin ba wanda zai sake fasa akwatin da ya ba shi fiye da haƙƙinsa. A hankali kasuwa ta cika da kwandalolin da makinsu ya fi ƙarfinsu. Kuma maki ɗaya ba abin wasa ba ne. Dalar Morgan, wata tsohuwar dalar azurfa ta Amurka, ta 1884 da aka buga a San Faransisko, tsakanin AU58, wato makin da ke dab da kaiwa 60, da MS kuɗinta ninkawa yake yi sau da yawa, saboda waɗanda ba su yi yawo ba a wannan shekarar ba su da yawa.

Wannan giɓi ne John Albanese, wanda da shi aka kafa PCGS kuma shi ya kafa NGC, ya buɗe CAC a 2007 don ya cike. Ba sa fasa akwatin, ba sa canja maki. Dubawa suke yi kawai. Idan kwandala ta cika makinta sosai, su manna wata 'yar koriyar sitika mai siffar ƙwai a jikin robar. Idan suna ganin an ma rage mata maki, su manna mai ruwan zinariya, wadda samunta sai an yi sa'a. Sun kasa kowane maki kashi uku, A da B da C, na farko da na biyu su ke samun sitika. Abin da ya sa na yarda da su shi ne kamfanin da kansa ya riƙa taya kwandalolin da ya manna wa sitika, yana saye. Mai shaidar da zai zura hannu a aljihunsa ya biya kuɗin abin da ya shaida, maganarsa tana da nauyi.

Na aika nawa ta hannun wani dillali mai rajista da su, galibi dalolin Morgan ne, irin na azurfa kashi 90 cikin ɗari da aka buga daga 1878 zuwa 1904, sannan a 1921. Sun dawo lafiya, akwatunan ba ko ƙwarzane. Wasu da sitika, wasu babu. Na shimfiɗa su ƙarƙashin fitila ɗaya, na ɗauki gilashin ƙara girma, kuma a nan ne na ci ribar kuɗina. Akwai wata ta 1881 mai harafin S, wato bugun San Faransisko, da ta sami sitika: idan ka karkata ta, ƙyallin yana zagayawa a fuskarta ba yankewa, kuncin matar da ke jiki sumul, gashin ƙirjin mikiya a baya ya fito ɗaya bayan ɗaya. Kusa da ita wata mai maki iri ɗaya da ba ta samu ba. Fari fat take, har ta fi waccan ɗaukar ido daga nesa. Amma da na juya ta a hankali sai na ga ƙyallinta a mace yake, alamar an taɓa tsoma ta a sinadarin wanki fiye da kima, ga wasu siraran layuka a gaban hancin da ba sa fitowa sai haske ya zo ta gefe. Ba wanda ya rubuto mini wannan bayani. Rashin sitikar ne ya tilasta mini in duba da kyau, kuma idona ya ƙaru da shi fiye da duk karatun da na yi a baya.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan ka shigar da lambar shaida a shafin CAC, za ka iya tabbatar da kwandalar da ta sami sitika. Wadda aka duba aka ƙi kuwa, ba a sanar da jama'a. Mai ita ya sani, kamfani ya sani, shi ke nan. Saboda haka idan ka ga kwandala a wurin gwanjo babu sitika, abu biyu ne: ko ba a taɓa aika ta ba, ko an aika ta faɗi. A ido ba su da bambanci, a kuɗi kuwa bambancin babba ne. Manyan dillalai sun san dawan garin, idan suka ga kwandala mai tsada babu sitika, ɗauka suke yi cewa ta je ta dawo, su taya da wannan lissafi. Ƙaramin mai saye ne yake shiga da kyakkyawan zato.

Na ɗanɗana wannan a wani baje kolin kwandaloli. Na tambayi mai teburin ko an taɓa aika wata dala mai harafin CC, wato bugun Kason Siti, ya ce shi dai bai sani ba, haka ya saye ta. Na biya. Bayan ta dawo mini babu sitika, wani dillalin da na nuna wa ya gane ta tun kafin ya karanta lambar, ya ce ai a gabansa mutumin ya karɓo ta daga dubawa. Kwandalar ba jabu ba ce, makinta ma ana iya kare shi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne na yi tambaya kai tsaye, aka dube ni aka ɓoye.

Masu goyon bayan a bar sirrin yadda yake suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Kwandala dukiyar mai ita ce, ya biya ne a ba shi shawara, ba a tallata aibin kayansa ba. Kwandalar ajin C sau da yawa makinta daidai ne, tana ƙasa-ƙasa ne kawai, kuma idan aka jera ta cikin waɗanda suka faɗi, mutane za su guje ta kamar mai cuta. Masu dubawa ma mutane ne, hukuncinsu ra'ayin ƙwararru ne. Sannan wanda ya ƙudura ha'inci zai fasa akwati ya samo sabuwar lamba, jerin sunaye ba zai kama shi ba, masu gaskiya ne kawai za su kwana ciki. Idan kuma kowa ya ji tsoron aikawa, sitikar kanta ta rasa amfani.

Duk da haka ban gamsu cewa zaɓin biyu ne kawai ba, ko a tona kowa ko a rufe kowa. A kara, wanda zai sayi rago yana da damar buɗe bakinsa ya duba haƙora, kuma dillalin da ya san dabba tana da ciwo ya yi shiru, kowa ya san sunan abin da ya yi. Mun tashi da hadisin nan da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Abin da nake so in gani shi ne hanyar da mai kwandala, da yardarsa, zai iya nuna wa mai saye tarihin lambarta: an aika ko ba a aika ba. Mai gaskiya zai nuna da gudu, wanda ya ƙi nunawa kuma ya ba ka amsa. Ina kuma son a riƙa bambanta dalilin ƙi, ko da da kalma ɗaya ce, domin kwandalar da makinta ya ɗan yi rauni daban take da wadda aka wanke ko aka shafa wa wani abu don a ɓoye tabo. Ta farko zan saye ta da farashin da ya dace. Ta biyu ba na son ta a akwatina.

Tun 2023 kamfanin CAC ya buɗe nasa reshen ba da maki da nasa akwati a birnin Bajiniya Bic, abin da ya rage wa wasu wahalar biyan wurare biyu. Amma miliyoyin kwandalolin da ke cikin akwatunan PCGS da NGC suna nan suna yawo, kuma tambayar tana bin kowace ɗaya da ba ta da sitika. Shawarata ga mai farawa: kada ka aika kwandala mai araha, kuɗin dubawa da na aike za su cinye ribar. Ka aika wadda maki ɗaya ke sauya kuɗinta sosai. Idan kuma za ka sayi mai tsada babu sitika, ka sa mai sayarwa ya rubuta maka a rasit ko ya taɓa aika ta, ku kuma yi yarjejeniyar mayarwa kafin kuɗi su bar hannunka.