Gargaɗi kan masu tallan wuƙar aljihu ta "Damaskus" mai araha

Jama'a don Allah duk wanda yake ganin tallan nan na 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda jikinta ke da zane kamar igiyar ruwa, suna cewa ƙarfen Damaskus ne ƙirar hannu, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura kuɗinsa. Ni ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba.

A Facebook na fara cin karo da su, bidiyo ne na wani maƙeri yana dukan ƙarfen da ya yi ja a wuta tartsatsi na tashi, sai rubutu wai shagon zai rufe ne shi ya sa suka karya farashi, ga wani agogo a saman shafin yana ƙirga awannin da suka rage. Na daɗe ina son irin wuƙar nan ta yanka igiya da buɗe kwali da ƙananan aikace-aikace, sai na yi odar guda biyu, ɗaya tawa ɗaya ta ƙanina. Washegari na koma shafin, agogon ya koma farko yana sake ƙirgawa, tun daga nan jikina ya fara ba ni.

Da suka iso na jera su a kan tebur, wlh zanen jikinsu iri ɗaya sak, duk inda layi ya lanƙwasa a wannan haka ya lanƙwasa a waccan, har wani ɗan zagaye kusa da tsini yana nan a duka biyun a wuri guda. Wanda ya san yadda ake yin ƙarfen nan ya san hakan ba zai yiwu ba. Damaskus ɗin da ake yi yanzu ƙarfe ne kala biyu, galibi nau'in da ake kira 1084 ko 1095 a haɗa da 15N20 mai ɗan sinadarin nikel, a jera su falle-falle a gasa a daka har su zama abu ɗaya, a ninka a sake dakawa, wani ma har murɗawa yake yi, a ƙarshe a tsoma a asid sai mai nikel ɗin ya tsaya fari ɗayan ya yi baƙi. To kun ga zanen a cikin naman ƙarfen yake tun daga wannan gefe har wancan, kuma wuƙa biyu ba za su taɓa fitowa daidai layi da layi ba. Nawa kuwa bugawa aka yi a sama da na'urar leza ko asid, kamar yadda ake buga hoto a jikin riga.

Na juya bayan wuƙar, sumul, babu ko layi ɗaya. Na leƙa wajen da ruwan wuƙar ya shiga cikin mariƙi, nan ma zanen ya yanke tsaf kamar an ja masa iyaka. Gaskiya akwai maƙera na ƙwarai da ke goge bayan wuƙa har zanen ya ɓuya, saboda haka wannan kaɗai bai isa hujja ba, shi ya sa na ɗauko samfefa na goge ɗan wuri har ya yi fari tas sannan na jiƙa shi a binega mai ɗumi na bar shi ya kwana. In na gaske ne irin mai tsatsa, layukan za su sake fitowa ko da dishi-dishi. Ba abin da ya fito.

Su kuma zancen da suke cika talla da shi na "sirrin takubban Damaskus na da", wannan daban ne gaba ɗaya. Wancan ƙarfen wootz ake ce masa, a kudancin Indiya da Sri Lanka ake narka shi a cikin tukwane a kai shi ƙasashen Larabawa da Farisa a ƙera takubba, sunan birnin Damaskus na Siriya ya bi shi, kuma an daɗe da daina yin sa yadda ake yi a da. Na ninki ɗin nan wani maƙeri ɗan Amurka Bill Moran ne ya sake fito da shi a 1973. Duk wanda ya ce maka wuƙarsa mai arahar nan ita ce ta zamanin da, ƙarya yake.

Amma zanen ba shi ne ya fi ɓata min rai ba, makullin ne. Ɗan fallen ƙarfen nan na cikin mariƙi da ke tokare wuƙa in an buɗe, nasu siriri ne kuma da ƙyar yake kama gindin. Ina yanka wata tiyo mai tauri na ɗan murɗa hannu kawai sai wuƙar ta rufo min a kan ɗan ali, jini ya wanke min hannu, har yanzu tabon na nan. Nan take na karɓo ta ƙanina. Kaifin ma bai yi sati ba ya dakushe, ka wasa yau gobe ya kwanta, alamar ƙarfen bai samu gashi da tsomawar da za ta sa shi tauri ba. Wuƙar kirki taurinta kan kai wajen 58 zuwa 61 a ma'aunin HRC, su ko lambar ba su rubuta ba balle sunan ƙarfen.

Na yi musu magana, suka ce in turo hoto, na tura, suka ce in turo bidiyo, na tura, daga nan wai za su mayar min da wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba in riƙe kayan, ko kuma in mayar da su can ƙasar waje da kuɗina, wanda kuɗin aikawar ya fi na wuƙar. Da na matsa sai suka toshe ni. Bayan 'yan kwanaki ga bidiyon maƙerin nan ya sake fitowa da wani sunan shago daban. Na sa hoton tallan a Google Lens, manhajar nan ta neman asalin hoto, ashe na wani maƙeri ne can da ke sayar da aikinsa da tsada, sace hoton suka yi.

Akwai kuma wani nau'in da za ku yi hattara da shi, ninkin na gaske ne amma da tarkacen ƙarfe aka yi, za ka ga wani siririn tsagi tsakanin fallayen, wannan wata rana darewa zai yi. In kuma suka ce ba ya tsatsa har abada amma sun rubuta 1095, maganarsu ta ci karo, don 1095 yana tsatsa in ba a shafa masa mai ba.

Ni dai yanzu kafin in biya sai mai kaya ya faɗa min sunan ƙarafan da ya haɗa, ya ɗauko min hoton bayan wuƙar da na guda biyu a jere, kuma ba na tura kuɗi kai tsaye sai ta hanyar da zan iya neman a dawo min da su. In kuɗinka kaɗan ne gara ka sayi wadda ba zane amma an rubuta sunan ƙarfenta, kamar D2 ko 14C28N, a jiki. Da ta iso ka buɗe ta ka girgiza ruwan hagu da dama, sannan ka danna bayanta a jikin katako yatsunka na nesa da hanyar kaifin, in ta motsa ko ta rufe kar ka sa ta a aljihu.