Rumbun kayan aikin Python: abin da na gani bayan shekaru ina aiki da shi a Zariya

Tun shekarar 2018 nake riƙe da manhajar sakamakon ɗalibai ta wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, nan Zariya. Ni na rubuta ta da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, kuma tun ranar farko na ɗaura wa kaina sharaɗi ɗaya: ba zan jingina ta da komai da sai an sauko da shi daga intanet ba. Kayan aikin da suka zo tare da Python ɗin kansa, wato rumbun da duk wanda ya saka harshen a kwamfutarsa yake samu, su kaɗai zan taɓa. Masu harshen sun daɗe suna cewa da batirinsa yake zuwa, kamar tocilan da ka saya a kasuwar Sabon Gari ka kunna tun a bakin shago.

Dalilina ba wani ilimi ba ne mai zurfi. Kwamfutar ofishin ba ta da intanet, wuta kuma sai yadda ta yiwu. In abu ya lalace a makon ba da sakamako, ba ni da lokacin neman data da jiran saukewa. Filash ɗaya nake yawo da shi a aljihu, a ciki akwai Python da fayil ɗin manhajata, shi ke nan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma gatarin nan ba guntu ba ne sosai. Rumbun a kashe yake ƙunshi-ƙunshi, kowane da aikinsa. Ƙunshin sqlite3, na ajiye bayanai, wanda ya shiga rumbun tun fitowar Python 2.5 a 2006, shi ke riƙe da sunan kowane ɗalibi da makinsa a fayil guda. An ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da maki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ban taɓa buɗe fayil ɗin na tarar ya wargaje ba: ko dai aikin ya shiga gaba ɗaya, ko bai shiga ba sam. Da csv nake fitar wa malamai jadawalin da za su buɗe a Excel, zipfile kuma na ɗaure komai ya ajiye kwafi duk Juma'a. Waɗannan ba ni da abin cewa a kansu sai godiya.

Inda na fi daɗewa shi ne lissafi. Da aka daina kula da Python 2 a farkon Janairun 2020, na mayar da manhajar zuwa Python 3. Zangon da ya biyo baya, wata malamar lissafi ta shigo ofis riƙe da takardar wata yarinya, ta ajiye a gabana ta sa yatsa a kai. "Malam, duba nan. Jimillarta 44.5 ce, ya aka yi na'urarka ta ba ta 44? Ga ɗan ajinsu mai 45.5 an ba shi 46." A makarantar, 45 ne makin tsallakewa, ka ga rabin makin nan ba ƙaramin abu ba ne a gidan su yarinyar. Na ce, "Malama, ki ba ni zuwa gobe." A daren na gano cewa a Python 3, in lamba ta tsaya daidai tsakiya, umarnin round yana kai ta ga lamba mai cika biyu-biyu da ta fi kusa, don haka 44.5 ta koma 44, 45.5 kuma ta haura 46. Python 2 ba haka yake yi ba. An rubuta wannan sauyi ƙarara a bayanin harshen, ni ne ban karanta ba. Maganin kuma yana nan cikin rumbun: ƙunshin decimal, da ke ciki tun 2004, yana barinka ka faɗi da bakinka yadda za a cike rabi. Tun daga ranar, maki da kuɗin makaranta duk ta decimal suke bi, don lambobin kwamfuta na yau da kullum ko 0.1 da 0.2 ba sa haɗawa su ba da 0.3 cif. Naira da kwabo na mutane ba abin wasa ba ne.

Sai maganar harshenmu, wadda ta fi ci mini rai. Python 3 ya san ƙ da ɗ da ɓ, har yana mayar da su manyan baƙaƙe daidai. Amma ka ce ya jera sunayen aji, sai ka ga Ɗahiru da Ƙasimu sun koma can ƙasa bayan Zainab, saboda da lambar da Unicode, tsarin da ke ba haruffan duniya lamba a kwamfuta, ta ba kowane harafi yake jerawa, lambobin baƙaƙenmu masu lanƙwasa kuwa sun zarce na z. Shi ma SQLite, ma'ajiyar bayanan da sqlite3 ke aiki da ita, wajen daidaita babban baƙi da ƙarami, baƙaƙen Turanci kawai ya sani. Sai da na zauna na rubuta jerin abjadin Hausa da hannuna, har da sh da ts, na miƙa masa ta wata ƙofa da ƙunshin sqlite3 ya bari don irin wannan buƙata. Ya yi aiki, amma ina ganin wannan giɓi ne na gaske. Yaro mai koyo a Samaru bai kamata ya fara da gyaran abjadinsa ba kafin ya iya jera sunan 'yan ajinsu. Haka kuma, duk inda za ka buɗe fayil, ka rubuta UTF-8 da kanka, wato tsarin adana haruffa da ya san baƙaƙenmu, kada ka bar wa kwamfuta zaɓi, in ba haka ba wata rana ƙ ɗaya za ta tsayar maka da aiki.

A farkon 2025 makarantar ta sayi sabuwar kwamfuta, na saka mata Python 3.13 wanda ya fito a Oktoban 2024. Ina kunna shafin da malamai ke shigar da maki, sai ya tsaya cik: babu ƙunshin cgi, wanda shafin ke karɓar abin da aka shigar da shi. Shugaban makarantar yana tsaye a kaina. "Malam, ba kai ka ce wannan abin ba ya lalacewa ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bai lalace ba, an cire masa wani tsohon sashe ne." A wannan fitowar an fitar da ƙunshi 19 a lokaci guda, ciki har da cgi da telnetlib da imghdr, bisa wata takardar shawara mai lamba PEP 594 da aka yi wa laƙabi da cire matattun batira. An sanar tun fitowar 3.11 a 2022. Gargaɗin yana can cikin fayil ɗin bayanan saba (server), wato manhajar da ke tafiyar da shafin, inda ban taɓa leƙawa ba. Kwana biyu na yi ina sake gina shafin da wsgiref da urllib, su ma daga cikin rumbun.

A ranar raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma da na karanta hujjarsu, na yarda da ita. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya fitar da shi ne a 1991, lokacin da samun ƙarin kaya ke da wuya, don haka aka yi ta zuba komai a ciki, har da masu karanta nau'in sautin da yanzu kusan ba wanda ke amfani da su. Masu kula da rumbun kuwa yawancinsu 'yan sa-kai ne. Duk ƙunshin da suka karɓa, sun ɗauki nauyin toshe ɓarakarsa da gwada shi a kowace irin kwamfuta, shekara da shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shi ya sa suke jan ƙafa wajen shigar da sabon abu: zoneinfo, na lokutan yankunan duniya, sai 2020, tomllib, na fayil ɗin saiti, sai 2022, shi ma karantawa kawai yake yi, ba ya rubutawa. Abokan aikina masu intanet a wadace suna kukan wannan jinkiri, suna cewa urllib, ƙunshin hulɗa da intanet, ya tsufa idan aka gwada shi da requests, takwaransa da sai an sauko da shi daga waje, kuma gaskiyarsu ce. Ni dai jinkirin nan shi ne abin da nake ci. Abin da na rubuta da csv da sqlite3 a 2018, yawancinsa yana nan yana gudu ban sake taɓa shi ba.

Yanzu duk watan Oktoba, lokacin da sabon Python ke fitowa, nakan hau Keke Napep zuwa wajen wani abokina a Kongo mai intanet mai ƙarfi, in sauke shi tare da cikakken bayaninsa, in fara karanta sashen abubuwan da za a cire kafin in duba sababbin. Sannan in kunna manhajar da duk gargaɗi a buɗe. Kowace fitowa shekara 5 ake kula da ita, don haka kwamfutar ofis za ta zauna a kan 3.13 har sai na gama gwada na gaba a tawa, a lokacin dogon hutu, ba a makon sakamako ba.