Tokunbon Ofis Ko Haɗa Taka Da Hannunka? Amsa Ga Ƙanenmu Na Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya ko ka sayi tokunbon kwamfutar ofis ko ka haɗa taka da hannunka. Haɗa taka. Na riƙe duka biyun: ɗaya ga ta a gabana, da ita nake rubuta maka wannan, ɗayar kuwa tana ƙarƙashin teburin shago, rim-rim ɗin takarda ake ɗora mata.

Bari in ba tokunbo haƙƙinta kada a ce na yi son zuciya. Su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre injina ne masu ƙwari, ba su cin wuta, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Wanda buga takardu zai yi, ko cike wa yara fom ɗin JAMB, ya saya ya sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ya huta. Iyakar yabon da ke bakina ke nan.

Amma kai tace bidiyon biki ka ambata, da ɗan buga gem ɗin ƙwallo in dare ya yi. A nan na ƙone. A 2021 na sayi irin siririyar nan da ake kwantarwa a ɗora monita a kanta, Core i5 zubi na huɗu. Ba sai na faɗi kamfaninta ba, laifin ba nasu ba ne, ni na kai jaki sukuwar sallah. CorelDraw tana ja lami lafiya. Ranar da aka kawo mini bidiyon kamu da aka ɗauka da waya a 4K, ranar na ji fankarta tana kuka kamar injin markaɗe. Na ce to bari in sa mata katin girafik, mai ɗaukar nauyin hoto da bidiyo. Akwatin ya yi siriri, sai guntun kati ke shiga. Na samo guntun, fawa-fak ɗinta, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, bai wuce wat 250 ba, kuma babu wayar da za ta ba kati wuta. Na ce a canza fawa-fak, sai ga bakin wayarsa ba irin na kowa da kowa mai ƙwaya 24 ba ne, nasu ne na gida. Duk inda na juya bango. Tokunbon ofis gidan haya ce, za ka zauna lafiya amma ba ka isa ka fasa taga ba. Wadda ka haɗa kuwa fili ne ka saya, ka fara da ɗaki ɗaya, in Allah ya hore ka ja falo.

Ga kuma maganar Windows. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, Windows 11 kuma a hukumance, a ɓangaren Intel, sai zubi na takwas zuwa sama, da wani abin tsaro da suke kira TPM 2.0. Tokunbon da za ka ji farashinta ya yi maka daɗi, duba da kyau, yawanci zubi na uku ce ko na huɗu ko na shida. Na sani, akwai dabarar tsallake shingen, yaran shago sun iya. Amma kuɗi za ka zuba a abin da tun ranar saye ta ɓarauniyar hanya yake bi.

Tawa a Janairun 2023 na haɗa ta, hunturu na kan ganiyarsa. Wasu kayan na je Kano na saya da idona, wasu daga Legas aka sako mini a mota. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, AMD Ryzen 5 5600G, madabod, babban faifan da komai ke hawa kansa, B450, ram, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki, guda biyu masu 8GB kowanne, DDR4, SSD irin ta NVMe mai 500GB, fawa-fak mai wat 550, da akwati mara ado. Babu katin girafik, kuma da gangan. Harafin G ɗin nan na ƙarshen 5600G shi ne sirrin: girafik ɗin Radeon na cikin furosesan, kana jona HDMI a bayan madabod hoto zai fito. Ka kula, 5600 marar G ba ya ba da hoto sai da kati, haka ma na Intel masu F a ƙarshe, irin su i5-12400F. Mutane da yawa sun sayo su don sun ga rangwame, suka zo gida suna kallon baƙin allo.

Bayan isha'i na baje kayan a kan teburin katako, 'yata ta riƙe mini fitilar waya, uwargida na daga bakin ƙofa tana cewa kuɗin buhun shinkafa nawa ne na barbaza a tebur. Ka san yadda a hunturu in ka yaye bargo cikin duhu kake ganin tartsatsi, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗana maka? Wannan 'yar wutar ta jiki tana iya lalata ram ko madabod. Don haka ba a kan kafet ba, ba da rigar sanyi ba, kuma kafin in ɗauki kowane abu sai na taɓa ƙarfe. Madabod ɗin a kan kwalinsa na ɗora shi.

Furosesan ne ya fi tsorata ni. Ka juya cikinsa, allurai ne na ruwan zinariya reras, fiye da dubu, siraran da ko farce ya lanƙwasa su. Akwai ɗan alwatika a kusurwa ɗaya, akwai irinsa a jikin soket. Ka ɗaga ɗan ƙarfen gefe, ka daidaita alwatika da alwatika, ka sake shi. Da nauyin kansa zai faɗa, ba a dannawa. In ka ji yana neman ƙarfi, ba ka daidaita ba, ɗaga ka sake dubawa. Fankar da ke zuwa cikin kwalin ta isa, kuma an riga an shafa mata man sanyaya a ƙasa, kada ka taɓa shi da yatsa. Sukurorinta huɗu ne, a giciye ake ɗaure su kaɗan-kaɗan, ba a gama da ɗaya a koma ɗaya ba.

Da na gama komai, na yi bismillah, na danna. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, baƙi. Gumi ya keto mini a cikin wannan sanyin. 'Yata ta ce, "Baba, ta mutu?" Uwargida ba ta ce komai ba, kuma shirun nan ya fi magana zafi. Wajen rabin awa ina lalube, ashe ram ɗaya ce ban danna ta zauna ba, gefe ɗaya ya shiga ɗaya na sama. Tsoron karyawa ya sa na yi mata hannun jarirai. Na sa babban yatsa biyu na danna har na ji ƙas. Ina kunnawa sai ga tambarin madabod a allo. Wallahi tsalle na yi, mutum da furfura a gemu. Har yau in na tuna ƙas ɗin nan sai na yi murmushi.

Abin da na samu a wannan daren ya wuce kwamfuta mai sauri. Da, ko ƙara tokunbo ta canza sai na ɗaura ta a bayan babur zuwa wurin mai gyara. Yanzu duk abin da ya taso na san inda zan duba, don ni na sa kowace waya a gurbinta. Bayan shekara na mai da ram ɗin 32GB, daga baya na ƙara katin girafik, ba wanda na nemi izininsa, ba kuma abin da na zubar.

Ga 'yan wuraren da sabon hannu ke tuntuɓe. Madabod B450 ya girmi 5600G, wanda ya fito a 2021, don haka wanda ya daɗe a kanta ba zai gane furosesan ba sai an sabunta masa BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod ɗin. Nemi kwalin da aka liƙa wa shaidar cewa yana karɓar Ryzen 5000 masu G, ko ka sa mai shago ya gwada a gabanka, ko ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki B550 ka gwada shi ma. Ram kuwa biyu za ka saya, ba ɗaya mai 16GB ba, domin girafik na cikin furosesa daga ram yake ci, in biyu ne hanya biyu yake ɗiba. In gurabe huɗu ne, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa, amma duba littafin madabod ɗinka. Sannan ka shiga BIOS ka kunna XMP, wasu madabod DOCP suke ce masa, in ba haka ba ka biya kuɗin ram mai gudun 3200 tana gudu ƙasa da haka. Farantin bayan nan da ke rufe ramukan USB, shi ake fara sa wa akwati kafin madabod, kuma yana yanka yatsa. Ƙananan ginshiƙan tagulla da madabod ke zama a kai, ƙirga su su yi daidai da ramukansa, ƙari ɗaya a inda babu rami na iya haɗa wuta. Wayar wuta biyu ce ke shiga madabod, babbar mai 24 da ƙaramar mai 8 ta can sama kusa da furosesa. Ita ƙaramar ake mantawa.

Wani zai taso ya ce AM4, wanda 5600G ke zama a kai, tsohon soket ne, tun 2016, AM5 ya fito a 2022. Gaskiya ne. Sai dai AM5 DDR5 kawai yake ci, kuma aljihunka zai gaya maka bambancin. Tsufan AM4 ɗin ma shi ne amfaninsa a wurinmu, kayansa sun cika kasuwa. Masu Intel kuma, i5-12400 ba laifi, ban riƙe ba, ba zan yi masa shaida ba.

Yanzu ka buɗe kunne, wannan ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Akwai masu amana a kasuwar nan, akwai kuma waɗanda rantsuwa ce jarinsu. In mutum ya ce maka "Core i7 ce" ya yi shiru, tambaye shi zubi na nawa. i7-2600 na 2011 ne, i3-12100 na 2022 ya fi shi gudu, amma da sunan i7 ake yanka mutane. Kada ka yarda da abin da Windows ta rubuta a shafin bayanin kwamfuta, ana iya canza wannan rubutun. Tafi da filashinka ɗauke da manhajojin CPU-Z da GPU-Z da CrystalDiskInfo. Na farko zai faɗa maka ainihin furosesa da ram, na biyu katin girafik, na uku awa nawa SSD ta yi tana aiki da sauran lafiyarta. Ni an taɓa miƙo mini SSD cikin leda a liƙe, ana rantsuwa sabuwa fil ce, na jona sai ga awanni sun haura dubu tara. Mai shagon ya ce wai kamfani ne ya gwada ta. Akwai kuma na jabu da ke nuna 1TB alhali cikinsu bai kai ba, H2testw ke tona su, sai dai yana ɗaukar lokaci. Katin girafik na hannu, musamman RX 580, da yawa sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana, don haka sai an kunna an ɗora masa aiki ka gani. Furosesan AMD na hannu, juya shi a hasken rana ka bi alluran layi-layi. Wanda kuma ka gani a intanet yana cewa turo duka kuɗin a sako maka a mota, in ba wanda ka yarda da shi ya taɓa saye a hannunsa ba, rabu da shi. Kowane kaya a rubuta lambar jikinsa a rasit, da kwanakin garanti, ba "ai mun zama ɗaya" ba.

Inda ban yarda ka yi ƙoro ba shi ne fawa-fak. Wanda ake bayarwa kyauta da akwati, an rubuta masa wat 650, ɗaga shi ka ji, kamar gwangwanin madara da aka shanye. Nemi na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus, ko da Bronze ne. Shi ne mai raba abinci a gidan, in ya haukace da kowa yake tafiya. Kuma ka san halin wutarmu, a ɗauke ba sallama, a dawo da ita da ƙarfi ko rabi-rabi. UPS ko ƙarami ne dole, wanda zai ba ka mintunan da za ka adana aiki ka kashe. Lokacin juyawa daga wutar gari zuwa janareta, kashe ta tukuna. Hadari ya haɗo da damina ana walƙiya, zare ta daga bango. A wannan fannin tokunbo ta ɗan fi sauƙin cin wuta, amma tawa ma kafin in sa mata kati ƙaramar sola ta shago na riƙe ta har da monita.

Ƙura kuwa, mu da muke bakin hamada ba sai an gaya mana ba. Kada ka ajiye ta a ƙasa, ɗora ta a tebur ko benci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk wata nake fitar da tawa tsakar gida, in buɗe gefe, in hure ta da buloa. Riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa kada iska ta yi ta wulwula ta. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma. Ka kuma leƙa ko tsaka ta yi gida, suna son ɗumin wurin. A Afrilu da zafi ke haura digiri 40, bar mata fili ta baya ta sha iska, kada ka cusa ta cikin kabad. Man furosesa ina canzawa duk bayan shekara biyu, kuma ga wata dabara: kunna ta ta ɗan yi ɗumi kafin ka cire fanka, sannan ka murza fankar hagu da dama a hankali. In ka fizge a sanyi, furosesan na iya biyo ta ya fito daga soket, allurai su tafi. In ka ga agogonta na komawa baya kullum, ɗan batirin CR2032 ne na jikin madabod, ko masu gyaran agogo na Babbar Kasuwa za ka samu.

Don haka: 5600G, madabod B450 da aka gwada ko B550, ram 8GB biyu, NVMe 500GB, fawa-fak na kirki, akwati mafi araha mai wurin shigar iska, da UPS. Monita da kibod ka sayi tokunbo, a nan ba ni da ja. Katin girafik bar shi sai bikin mutane ya biya maka. In kuɗin ba su cika ba, fara da akwati da fawa-fak, amma furosesa da madabod da ram rana ɗaya za ka saye su, don ka gwada kafin kwanakin garanti su ƙare. In kayan sun haɗu ka kawo shago ranar Asabar bayan la'asar, kai za ka ɗaura ni ina kallo. Ka taho da sukudireba mai kan giciye da filashi mai 8GB na sa Windows, nawa wani ya ara tun azumi bai dawo da shi ba.