Ranar farko a Madina: masaukin jami'a ko gidan kawu?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙanenmu da ya samu gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya tambaya ko ya wuce masaukin ɗalibai kai tsaye daga filin jirgi, ko kuwa ya amsa gayyatar kawunsa mazaunin Madina, ya huta mako guda a gidansa kafin ya leƙa makaranta. Ƙanena, Allah ya sanya albarka a wannan karatu. Shawarata ita ce ka fara da jami'a, ziyarar kawu ta biyo baya, sai dai akwai yanayin da gidan kawu ya fi, kuma zan zo kansa.

Gidan kawu yana da daɗin da ba zan rage masa komai ba. Za ka sauka a gajiye, agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa 2, kuma idan zuwanka ya dace da farkon zangon karatu, wajen ƙarshen Agusta, zafin Madina yakan haura digiri 40. A irin wannan hali, samun wanda zai tarbe ka da mota, ya kai ka inda za ka ci tuwo ka ji Hausa, sannan ya raka ka Harami ka yi sallama ga Manzon Allah (SAW), ba ƙaramar ni'ima ba ce. Daren farko a masaukin jami'a ba haka yake ba. Ɗaki ne da za ka raba da waɗanda ba ka taɓa gani ba, abinci shinkafa da kaza ko gurasa da wake, kuma a nan ne kewar gida takan fi kama sabon ɗalibi.

To amma makon farko na takardu ne, kuma a nan ne masaukin jami'a ya yi wa gidan kawu nisa. Tun a filin jirgi, bayan jami'in jawazat, wato hukumar shige da fice, ya ɗauki hoton yatsunka, za a ba ka lambar shiga ƙasa, wadda ake kira raƙamul hudud, ita ce shaidarka kafin igama, wato katin izinin zama, ta fito, kuma da ita da fasfo za ka sayi layin waya na STC ko Mobily ko Zain. Daga nan abubuwan a jere suke, kowanne yana jiran na gabansa: sai ka yi rajista ka samu lambar ɗalibi za a ba ka ɗaki, sai an yi maka gwajin lafiya za a nemi igamarka, sai igama ta fito al'amarin banki da Absher, manhajar hidimomin gwamnati, zai daidaita, ta asusun banki kuwa mukafa'a, wato kuɗin tallafin ɗalibi na wata-wata, take shigowa. Wanda ya jinkirta matakin farko da mako guda ya jinkirta dukkansu, alhali bizar da ya shigo da ita tana da wa'adi, sababbin ɗalibai kuma suna ta ƙaruwa a layi kowace safiya.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Kafilinka a Saudiyya, wato mai ɗaukar nauyin zamanka a hukumance, jami'a ce, ba wani mutum ba. Kawu, ko da ya shekara talatin a Madina, abin da ya sani shi ne tsarin ma'aikaci da kafilinsa, ko hidimar alhazai da masu Umara, don haka zai iya ba ka shawara da zuciya ɗaya ta zama ba ta dace da ɗalibi ba. Wanda ya san ƙofar da za ka fara bugawa, da ofishin da ake cika da rana tsaka, shi ne ɗalibin da ya riga ka zuwa da shekara ɗaya, kuma a masauki za ka same shi. Ka nemi lambar ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai 'yan ƙasarmu tun kana gida, ka sanar da shi ranar saukarka da lokacin.

Ta fuskar harshe ma bambancin a fili yake. An kafa jami'ar a 1961 domin 'ya'yan Musulmi na duniya, shi ya sa abokin ɗakinka zai iya zama ɗan Indunusiya ko Pakistan ko Senegal, ba abin da zai haɗa ku sai Larabcin littafi, tun daga tambayar ina alƙibla take. A gidan kawu Hausa za ka wuni kana ji, a kasuwa kuma Larabcin Hijaz. Ga wanda za a gwada Larabcinsa domin a ga ko zai shiga kwaleji kai tsaye ko sai ya bi ta cibiyar koyar da harshe, 'yan kwanakin nan suna da amfani.

Yanayin da gidan kawu ya fi shi ne idan jirginka ya sauka daren Alhamis ko ranar Juma'a. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, ofisoshi suna aiki daga Lahadi zuwa Alhamis, saboda haka idan ba ka tabbatar da wanda zai karɓe ka a masauki ba, ka kwana biyu a wajen kawu, Lahadi da sassafe ka kasance a jami'a da takardunka. Idan kuma tikitinka na Jidda ne, tsakaninta da Madina ya haura kilomita 400, jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a filin jirgin kuma tafiyar kamar awa 2 ce. Kada shauƙin Ka'aba ya sa ka karkata Makka a ranar. Umara tana nan, za ka ɗauki harami daga Zul-Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, bayan ka gama rajista, hankalinka kwance.

Wani abu da nake jin tsoronsa a kan duk wanda aka san zai sauka gidan ɗan uwa shi ne saƙo. Da zarar labari ya bazu, dangi da maƙwabta za su fara kawo ƙulli, wannan na wane, wancan na wance. Kada ka ɗauki abin da ba ka buɗe da hannunka ba, musamman magunguna, domin hukuncin ƙwayoyi irin su tramadol a Saudiyya mai tsanani ne ƙwarai. Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwayoyin da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, sai bayan watanni aka sake ta.

Ko ina ka sauka, ka riƙe fasfo da takardar karɓa da ainihin shaidun karatunka a jakar hannu, tare da kwafinsu da ƙananan hotuna masu farin bango. Ka zo da riyal ɗin da zai riƙe ka kamar wata biyu, domin mukafa'ar farko takan ɗauki lokaci. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, da wannan za ka yi lissafinka. Shi kuwa kawu, ya fi kyau mahaifinka ya kira shi kafin ka taso, ya yi masa godiya, ya bayyana masa cewa makaranta ce take bukatar ganinka da wuri, ka kuma yi masa alkawarin zuwa Juma'ar farko bayan an sauko daga masallaci, da tsarabar gida a hannunka. Allah ya kawo ka lafiya.