HDR na waya ko haɗa hotuna uku da kyamara: wanne ya fi a cikin ɗaki?

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya ce duk sanda ya je ɗaukar ɗakin amarya bayan an gama jere, ko dai taga ta fito fari fat, ko gado da kabet su nutse cikin duhu. Yana tambaya ko ya dogara da HDR na waya, wato tsarin da ke daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, ko ya koyi haɗa hotuna da kyamara.

Malam, hasken tsakar gida da rana tsaka ya ninka na cikin ɗaki sau ɗaruruwa, kuma ɗauka ɗaya ba ta iya kama duka biyun. Hanyoyin nan aikinsu ɗaya: a ɗauki hotuna da yawa, wani don taga, wani don lungu, a haɗe su. Bambancin shi ne wanda ke yanke hukunci.

A waya, ita ke yankewa. Tun 2010 iPhone ta zo da HDR, yanzu kuwa har Tecno da Infinix suna da shi. Kafin ƙiftawar ido ta ɗauka ta haɗa, shi ya sa ta fi dacewa ranar kai amarya, mata cike da ɗaki, yara na gilmawa, ba mai tsaya maka. Amma ka buɗe hoton ka matso da shi: za ka tarar adon zanin gado ya narke kamar an shafe shi da fenti. A WhatsApp ba mai lura. In aka wanke shi babba, sai asiri ya tonu.

A kyamara kuwa kai ne mai hukunci, sai dai tana son haƙuri. Ɗora ta kan ƙafa uku, ka zaɓi RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba), ISO 100 (ƙarfin jin haske), f/8 (faɗin ƙofar lens), ka kunna AEB, wato ɗaukar hotuna a jere da haske daban-daban, a kan -2, 0 da +2. Kowane mataki ninki biyu ne na haske, wato +2 ninki huɗu ke nan. Saurin ɗauka kaɗai zai riƙa canzawa, kada ka taɓa f/8, don zurfin hoton, wato iyakar abin da ke fitowa sarai daga kusa zuwa nesa, ya zama ɗaya. Sa jinkirin daƙiƙa 2 don hannunka kada ya girgiza ta. In rana na dukan taga kai tsaye, uku ba za su isa ba, yi biyar. Manhajar Lightroom za ta haɗa maka su a kwamfuta.

Motsi ne abokin gabar wannan hanya. Kashe fanka, ka ɗaure labule, in ba haka ba za su fito da inuwa biyu-biyu. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa ma ka kashe shi, domin HDR yana gyara yawan haske ne, ba ya sasanta launin ƙwai da na rana.

Abin da ke damuna shi ne masu haskaka inuwa har ƙarshe wajen gyaran hoto, ƙarƙashin gado ya yi haske daidai da bakin ƙofa. Ba ɗakin da yake haka. Bar wa lungu ɗan duhunsa.

Ni dai in aikin kuɗi ne, gidan haya ko ɗakin otal ko jeren da ba kowa a ciki, kyamara zan ɗauka. Kuma ka roƙi masu gida su ba ka lokaci da sassafe ko bayan la'asar, sanda hasken waje ya sassauta.