Gyaran Tsohuwar Doka: Ma'aikatar Shari'a ko Hukumar Gyaran Dokoki?

Duk ƙungiyar da ke son a gyara wata tsohuwar dokar tarayya a Najeriya, ƙofa biyu ce a gabanta kafin a kai ga majalisa.

Ma'aikatar Shari'a ita ce mai ƙarfin. Antoni Janar ne shugabanta, wanda sashe na 150 na kundin tsarin mulkin 1999 ya naɗa babban lauyan tarayya, kuma minista. Sashe na 174 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wata hukuma, ko janye ta gaba ɗaya. Lauyoyinsa ne ke rubuta ƙudurorin ɓangaren zartarwa. In ya rungumi batunka, nan da nan ya isa majalisar ministoci. Sai dai teburinsa cike yake da ƙararrakin da aka maka gwamnati, ga shi ɗan siyasa ne ya naɗa shi, abin da bai dami fadar shugaban ƙasa ba yakan kwana cikin fayil.

Hukumar Gyaran Dokoki, wadda aka kafa a 1979, aikinta ke nan ba wani ba: ta bi doka sashe-sashe, ta tara alƙalai, lauyoyi da malaman jami'a, ta zaƙulo tarar da hauhawar farashi ta mayar abin dariya. Amma shawara kawai take bayarwa, rahotonta ma hannun Antoni Janar yake komawa.

A ganina, a fara da hukumar don samun hujja, sannan a matsa wa ma'aikatar lamba.